Tarihin Robert Johnson, Mai Waƙar Mararraba

A cikin watan Janairu na shekarar 1969 wani kamfanin Amurka mai suna Atco ya fid da wani ƙaramin faifan garmaho na roba, faɗinsa inci 7, yana juyawa sau 45 a minti guda, kowane gefe waƙa ɗaya. Sunan waƙar gefen farko Crossroads, watau Mararraba. Samari uku ne 'yan Birtaniya suka kaɗa ta, Eric Clapton da Jack Bruce da Ginger Baker, sunan ƙungiyarsu kuwa Cream. Faifan ya yi farin jini, har ya kai na 28 cikin jerin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka. Amma waƙar ba tasu ba ce, aro suka yi. Mai ita wani baƙar fata ne ɗan jihar Misisipi, sunansa Robert Johnson, wanda a lokacin nan ya riga ya shekara 30 a kabari, ba kuwa ko ɗan allon da ke nuna inda aka binne shi. Tarihinsa nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, gama akwai wani malami a cikin labarin wanda mutane suka tuɓe, suka naɗa Shaiɗan a gurbinsa.

An haifi Robert a garin Hazlehurst, kudancin Misisipi, a shekarar 1911, kuma yawancin masu bincike sun tsaya a kan ran 8 ga Mayu. Sunan uwarsa Julia. Mijinta na fari, Charles Dodds, mutum ne mai rufin asiri, yana da gonar kansa, kuma kafinta ne. Rigima ta haɗa shi da waɗansu Turawa masu ƙasa, suka taso masa da nufin kisa, tilas ya tsere zuwa birnin Memphis, ya sake suna ya koma Spencer. Bayan tafiyarsa ne Julia ta haifi Robert da wani mutum wai shi Noah Johnson. Tun yaron yana ƙarami aka kai shi Memphis wurin Spencer, shi kuwa ya riƙe shi tare da 'ya'yansa, ya sa shi makaranta. Saboda haka har ya yi wayo da Robert Spencer aka san shi. Sai da ya zama saurayi ya san ko wane ne ubansa, sa'an nan ya ɗauki sunan Johnson.

Wajen shekarar 1919 ko 1920 ya koma wurin uwarsa a wani gandu kusa da Robinsonville, inda ta yi sabon aure da wani manomi, Will Willis. Wannan yanki shi ake kira Delta. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce tsakanin kogin Misisipi da na Yazoo, baƙa wuluk, mai albarka, wadda ambaliya ta yi shekaru aru-aru tana zubawa. Wanda ya san fadamun Binuwai tsakanin Yola da Numan zai gane irinta, sai dai ta can a lokacin nan kusan dukanta auduga ce. An soke bauta a Amurka tun 1865, amma jikokin bayi suna nan a gandayen Turawa bisa wani sharaɗi mai kama da tarko. Mai gandu shi ke ba da gona da bukka da iri, shi ne kuma ke da kantin da manomi zai ci bashin abinci har kaka. In an tsinke auduga sai ya ɗebe rabi, sa'an nan ya cire bashinsa daga cikin rabin manomin. Littafin lissafi kuwa a hannunsa yake. Manomin da bai iya lissafi ba ba shi da ta cewa, wanda ya iya ɗin ma in ya yi gardama ya jawo wa kansa masifa.

Duk da haka Robert ya sami ɗan rabonsa na ilmi. An ga sunansa a rajistar makarantar Indian Creek a shekarar 1924 da kuma 1927, kuma sa hannunsa a takardar aure rubutu ne mai tsabta, na wanda ya zauna a aji. Takardun da suka rage game da mutumin nan kaɗan ne ƙwarai, rajistar nan kuwa tana cikinsu. Mu da muke ganin kiran suna da safe ɓata lokaci ne sa'ad da aka tura mu koyarwa ta gwaji, sai mu tuna malamin da ya cika ta bai san wata rana za a neme ta ido rufe ba.

Zuciyar yaron dai ba ta ga fartanya, abin da ya sa ba su jitu da mijin uwarsa ba ke nan. Ya fara da ɗan abin busan nan da ake kira harmonica, kāna ya ɗaura waya a jikin bangon ɗaki yana kaɗawa, kamar yadda yaranmu kan haɗa gwangwani da waya su yi garaya. Kiɗan da ke tashe a gandayen nan shi ne blues: mutum ɗaya da jitarsa, yana waƙar talauci da tafiya da mace da ta gudu, ya rera baiti ya maimaita shi, sa'an nan ya rufe da na uku. Wannan kiɗa ba baƙo ba ne sosai ga kunnenmu. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, wanda ya yi yawon ɗaukar kaɗe-kaɗe a Nijeriya da Kamaru, ya fid da littafi a 1999 inda ya nuna cewa salon blues na Delta ya fi kama da na ƙasashen da ke kudu da hamada, daga Mali har arewacin Nijeriya da Kamaru, inda mawaƙi ɗaya kan ja murya yana lanƙwasa ta bisa kayan kiɗa mai tsirkiya, fiye da kiɗan tarin ganguna na bakin teku. Cikin abin da ya kafa hujja da shi har da kiɗan wani mai goge na Garwa, can gabas da mu a bakin Binuwai, wanda ya ɗauka a 1964. Wannan ba ya nufin kakannin Robert mutanen Adamawa ne. Amma wanda ya saba jin goge ko kukuma, in ya ji faifansa zai ɗaga kai.

A watan Fabrairu na 1929 ya auri wata yarinya, Virginia Travis, ya gwada zaman noma. A watan Afrilu na 1930 ta rasu wurin haihuwa, ita da jaririn. Dangin matar masu ibada ne, a wurinsu blues kiɗan mashaya ne, kiɗan Shaiɗan, suka ɗauki mutuwar 'yarsu a kan hukuncin Allah ne saboda sana'ar mijinta. Robert bai cika shekara 19 ba a lokacin. Daga nan bai ƙara zama manomi na sosai ba.

A shekarar nan ce wani gwanin blues, Son House, wanda dā mai wa'azi ne, ya zo Robinsonville yana kiɗa tare da Willie Brown a gidajen rawa ran Asabar da dare. Robert ya liƙe musu. In sun fita shan iska sai ya ɗauki jitar ɗayansu ya yi ta ƙwaƙula, har mutane su roƙi a karɓe ta daga hannunsa don ya dame su. Haka Son House ya ba da labari da tsufansa. Sa'an nan yaron ya ɓace daga garin.

Inda ya tafi sananne ne yanzu. Ƙasar haihuwarsa ya koma, ya haɗu da wani mutum mai suna Isaiah Zimmerman, ana ce masa Ike, mazaunin ƙauyen Beauregard kusa da Hazlehurst. Ike leburan hanya ne da rana, gwanin jita da dare. Ya ɗauki Robert ya ajiye shi a gidansa cikin iyalinsa, yana ci da shi, yana koya masa, har wajen shekara guda. Da yake gidan cike yake da yara, da dare sai su tafi maƙabartar ƙauyen, su zauna a kan duwatsun kaburbura su yi ta kiɗa, gama can ne shiru, ba kuwa wanda zai fito ya ce an hana shi barci. 'Yar Zimmerman ce ta ba masu bincike wannan bayani bayan shekaru masu yawa. Kafin nan ko sunansa ma ba daidai ake rubutawa a littattafai ba, Zinnerman ake sawa.

Da Robert ya komo Delta ya ɗauki jita a gaban Son House, sai mamaki ya kama kowa. Babban yatsansa yana riƙe da amo mai kauri a kan tsirkiyoyin sama, ba ya fasawa, kamar mai ganga; sauran yatsu suna fid da karin waƙa; ga kuma wuyan kwalba da ya zura a ƙaramin yatsa yana gogawa, jitar tana kuka kamar goge. Bisa wannan duka ga murya siririya mai rawa. Bayan shekara talatin, da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya fara jin faifansa, ya zaci mutum biyu ne ke kiɗan.

To, a nan ne Shaiɗan ya shigo. Labarin da ya bazu duniya shi ne wai Robert ya tafi mararraba da tsakar dare, wani ƙaton baƙin mutum ya zo ya karɓi jitarsa ya ɗaure tsirkiyoyinta ya miƙa masa, shi kuwa ya ba da ransa a madadin gwaninta. Asalin wannan labari a kan wani makaɗi dabam aka ba da shi, Tommy Johnson, wanda ba su haɗa dangi da Robert ba, sunan uba kaɗai ya zo ɗaya, kuma ɗan'uwan Tommy ne ya faɗa. Marubuta na shekarun 1960 zuwa sama suka ɗora shi a kan Robert, aka yi sinima a kansa a 1986, ya zauna daram. Shi ma Robert yana da hannu, gama ya yi waƙoƙin da ya ambaci Shaiɗan, ya kuwa san abin da ke jawo 'yan kallo. Mu nan ba za mu yi wa Amurkawa dariya ba. A ƙasarmu ma mararraba wurin tsoro ce, can ake kai sadakar iskoki, kuma da wuya makaɗi ya shahara ba a ce yana da aljanu ba. Amma a ganina labarin nan ƙwace ne. Ya ƙwace wa Robert dararen da ya yi yatsunsa suna zafi, ya ƙwace wa Zimmerman ladan koyarwarsa da tuwon da ya ciyar. Kuma labari ne mai daɗi ga malalaci, gama in gwaninta daga aljanu take zuwa, to, ba laifinsa ba ne da bai iya kome ba.

Daga wajen 1932 Robert ya zama ɗan yawo. Yakan hau jirgin ƙasa na kaya ko ya roƙi mota, ya sauka gari ya tsaya a bakin kanti ko tasha ya yi kiɗa a jefa masa kwabbai, da dare kuma ya yi a gidan rawa. Ya fi zama a Memphis da Helena, amma tare da abokinsa Johnny Shines ya kai Shikago da New York har Kanada. Abokansa sun shaida duk waƙar da ya ji sau ɗaya a rediyo ko garmaho ya riƙe ta, kuma abin da jama'a suka nema shi yake kaɗawa, ko na Turawa ne. A garuruwa da dama yana da macen da ke ba shi masauki, yana kuma shan barasa ƙwarai.

A 1936 ya je wurin H. C. Speir, mai kantin fayafayai a Jackson, wanda ke nemo wa kamfanoni mawaƙa. Ta hanyarsa aka kai shi San Antonio a jihar Teksas, inda wani Bature haifaffen Ingila, Don Law, ya ɗauki muryarsa a ɗaki mai lamba 414 na otal ɗin Gunter, ran 23 da 26 da 27 ga Nuwamba. Waƙa 16 ya yi. A watan Yuni na 1937 ya ƙara 13 a Dallas cikin kwana biyu. Shi ke nan, waƙa 29 cikin kwana biyar, su ne dukan abin da ya bari. Faifan zamanin nan ba na roba ba ne, na wani irin ƙaro ne mai nauyi da saurin fashewa, yana juyawa sau 78 a minti, ba ya ɗaukar fiye da kamar minti uku a gefe. Kai tsaye ake yanka murya, ba gyara, in an yi kuskure sai a sake daga fari. Robert ya san wannan, gama shi ɗalibin garmaho ne. Waƙoƙinsa a tsare suke, kowace ta ƙare daidai inda faifai zai ƙare. Kuma shi ma ya yi aro. Ya ɗebo kari da baitoci daga fayafayan Leroy Carr da Kokomo Arnold da Skip James, ya sāke su suka zama nasa, yadda makaɗanmu kan ɗauki taken da suka gada su ɗora nasu. An biya shi kuɗin kowace waƙa sau ɗaya tak bisa al'adar kamfanonin lokacin, ba shi da kaso cikin ciniki. Wadda ta fi kasuwa ita ce Terraplane Blues, ita ma dubbai kaɗan aka sayar.

Waƙar mararraba, Cross Road Blues, ran 27 ga Nuwamba 1936 ya yi ta, aka fid da ita a 1937. Duk wanda ya saurare ta zai ga babu Shaiɗan a ciki ko alama, babu ciniki. Mutum ne a mararraba ya durƙusa yana roƙon jinƙan Ubangiji. Yana tsai da motoci, kowa ya wuce kamar bai gan shi ba, ga rana tana faɗuwa, har ya aika a gaya wa abokinsa Willie Brown halin da yake ciki. A Misisipi ta lokacin nan, baƙar fata baƙo da dare ya riske shi a kan hanya yana iya kwana a kurkuku da sunan zaman banza, a tura shi aikin gandu, ko kuwa abin da ya fi haka muni ya same shi. Tsoron da ke cikin muryar na mutane ne 'yan'uwansa.

A watan Agusta na 1938 yana kiɗa a wani gidan rawa kusa da Greenwood ya kamu da ciwo. Labarin da makaɗa irin su Honeyboy Edwards suka bayar shi ne yana neman matar wani, mijin ya sa aka ba shi barasa da guba. Ya yi kwanaki yana fama, ya rasu ran 16 ga Agusta, yana da shekara 27. Ba a kai kowa gaban shari'a ba. Takardar shaidar mutuwarsa sai a 1968 wani mai bincike, Gayle Dean Wardlow, ya gano ta, kuma a gurbin da ake rubuta sanadin mutuwa abin da aka sa kawai shi ne ba likitan da ya duba shi.

Ga wani abin tausayi. A daidai wannan lokaci wani Bature mai neman mawaƙa, John Hammond, yana cigiyarsa don ya zo ya yi kiɗa a babban zauren Carnegie na New York. Da labarin mutuwar ya iso, ran 23 ga Disamba 1938 sai aka ɗora garmaho a kan dandamali aka sa wa jama'a fayafayansa biyu. Daga nan aka yi shekara ashirin da 'yan kai ba mai ambatonsa sai tsirarun makaɗa, irin su Elmore James wanda ya sabunta wata waƙarsa a 1951.

A 1961 kamfanin Columbia ya tara waƙoƙinsa 16 a babban faifan roba guda, irin mai juyawa a hankali. A bangon faifan zane aka yi, domin ba a san da hotonsa ko ɗaya ba tukuna. Wannan faifai ne ya ƙetare teku ya faɗa hannun samarin Ingila, cikinsu har da Eric Clapton, wanda aka haifa shekara bakwai bayan mutuwar Robert. Clapton da abokansa biyu suka kafa Cream a 1966, suna kaɗa blues da jitar lantarki da ganguna, da ƙara mai tsanani. Ran 10 ga Maris 1968 aka ɗauki Crossroads a gaban 'yan kallo a zauren Winterland na San Francisco. Sun ƙara mata sauri, sun ɗauko baiti guda daga wata waƙar Robert sun haɗa, Clapton kuma ya saki jita sau biyu a tsakiya, sakin da har yau masu koyo suke kwaikwayo. Gwaninta kam akwai ta. Amma ni a kunnena tsoron nan ya fita daga cikinta. Mutumin da ke durƙushe a bakin hanya ya zama saurayi mai gudu a mota. Kafin ƙaramin faifan ya fito ma ƙungiyar ta riga ta watse, a watan Nuwamba na 1968. Mai gangarsu, Ginger Baker, daga baya ya ratso hamada da mota a 1971 ya zo Nijeriya, ya yi kiɗa da Fela Kuti, ya kuma kafa ɗakin ɗaukar waƙa a Legas.

Sai maganar kuɗi. Cream dai sun rubuta sunan Robert Johnson a faifansu, wannan a yaba musu. Rolling Stones kuwa, da suka ɗauki wata waƙarsa a 1969, wani suna dabam aka buga, Woody Payne, a kan zaton waƙar ba ta da mai ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a shekarar 2000 wata kotun Amurka ta yanke cewa waƙoƙin ba na kowa da kowa ba ne. A tsakanin nan an gano 'yar'uwarsa Carrie Thompson, wadda ke ajiye da hotunansa biyu, kuma a 1990 Columbia ta fid da duk abin da aka samu nasa wuri guda, ɗauka 41 har da maimaici. Aka sayar da fiye da miliyan ɗaya, kuɗi suka taru, aka shiga neman magaji. A 1998 kotu a Misisipi ta tabbatar da cewa wani direban babbar mota a Crystal Springs, Claud Johnson, wanda aka haifa a 1931, ɗan Robert ne da ya haifa a lokacin zamansa wajen Hazlehurst. Babbar kotun jihar ta ƙarfafa hukuncin a 2000, ya karɓi fiye da dala miliyan ɗaya yana dab da shekara 70. Ya rasu a 2015.

Kabarin da dā ba shi da ko allo, yanzu majami'u uku ne a kewayen Greenwood kowace ke da dutse mai sunan Robert Johnson. Wanda aka fi amincewa da shi shi ne na majami'ar Little Zion, domin matar wanda ya haƙa kabarin ta shaida ta ga an binne shi a can, gindin wani itace.

Ike Zimmerman kuwa ya bar Misisipi ya koma Kalifoniya, ya daina blues, ya zama fasto a garin Compton. Can ya rasu a watan Agusta na 1967, wata bakwai kafin Cream su kaɗa waƙar ɗalibinsa a San Francisco, cikin jihar nan guda. Ba a taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba.